Yadda Na Shanya Muryar Kakata

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da wata ranar Alhamis da na ɗaura ɗamarar yaƙi da ƙura a ɗakin Baba. Abin ya faru ne a gidanmu da ke Gwarzo, shekarar da na gama makarantar koyon aikin lafiya. Yau shekaru sun ja, na yi aure, na haifi nawa 'ya'yan, amma duk sanda na ɗauki tsintsiya na tuna, sai in ji dariya da kunya sun taso min tare.

Ɗakin ƙarami ne, yana jikin zaure. Taga ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. A gidan ana ce masa ɗakin sauraro, don ba a kwana a ciki, ba a cin abinci, kuma ba ya karɓar baƙo sai wanda ya iya yin shiru. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana kai da kawowa tsakanin Arewa da Kudu. Abokan aikinsa sun tara shanu da filaye, shi kuwa kaset ya tara. Karatu, wa'azi, kiɗan gargajiya, wasannin rediyo da ya ɗauka da hannunsa, suna nan jere a kanta har hawa huɗu. Ga tsohuwar rikodarsa a kan tebur, da manyan sifiku biyu a gefe da gefe. Da an sauko la'asar zai shiga, ya jingina da matashi, ya lumshe ido. Mun taso mun san cewa in rikoda ta fara, ko mai daka sai ta sassauta wa turmi.

Cikin duk tarin nan akwai kaset ɗaya da ba a haɗa shi da sauran. Yana zaune shi kaɗai a wani tsohon gwangwanin biskit. Muryar mahaifiyar Baba ce a ciki, kakata da kowa ke kira Inna, wadda ta rasu tun kafin a haife ni. A zamaninsu babu wayar hannu. In mutum ya daɗe a tafiya, sai a aro rikoda, a yi masa magana a ciki, a ba wani direba kaset ɗin ya kai masa. Inna ta yi wa Baba irin wannan saƙo sau ɗaya tak, lokacin da ya yi wata bakwai a Kudu bai leƙo gida ba. Ba ta da hoto ko ɗaya, don ta ƙi yarda a ɗauke ta har ta koma ga Allah. Wannan kaset shi ne kaɗai abin da ya rage nata wanda kunne zai ji. Mun sha roƙon Baba ya bari a juye shi a waya, sai ya harare mu ya ce, "Uwar tawa za ku sa a aljihu, ku riƙa shiga banɗaki da ita?" Daga nan an rufe zancen.

Matsalar ɗakin ɗaya ce, ƙura. Titin ƙofar gidanmu babu kwalta, babura na ta shawagi, safe da yamma kuma shanun maƙwabta ta nan suke bi zuwa kiwo da dawowa. Ta ɗaya tagar, bayan girbi, mahaifiyata Umma da matan da ke taya ta suna casar wake da sheƙar dawa a tsakar gida, ƙaiƙayi na tashi yana neman mafaka. Baba ya shimfiɗa wani kafet mai kauri, ya rataya labule masu nauyi, wai don sauti ya zauna. Sauti kam yana zama, sai dai ƙura ma ta samu masauki. Baba na tari, rikoda ma tana nata irin tarin, murya ta riƙa fita a dishe.

Ni kuwa na dawo daga makaranta kaina cike fal da darasin tsafta, ina ganin duk gidan babu wanda ya san abin da yake yi sai ni. Na canja wa randa wuri. Na hana wanke hannu a kwano ɗaya. Na sa ƙannena yanke farce duk Juma'a ko suna so ko ba sa so. Cikin mako biyu Umma ta laƙaba min suna Likita, kuma ba yabo take nufi ba.

A daidai lokacin ne yayar Baba, Gwaggo, ta dawo Kabo da zama wurin ɗanta. Aure ne ya kai ta nesa, can wajen Adamawa, ta yi shekara talatin da ɗoriya, zuwanta gida sai biki ko rasuwa, kwana biyu ta juya. Da mijinta ya rasu ta dawo da tsufa da ciwon ƙafa. Tun rasuwar Inna ba ta sake jin muryarta ba, shi kuma Baba ba ya fita da kaset ɗin ko nan da ƙofar gida. Sai aka yi haihuwa a gidan ɗan nata. Baba ya shirya zai tafi suna ranar Laraba, ya kwana biyu, ranar Juma'a ya taho da Gwaggo a mota ta zo ta ji uwarsu. Da zai fita ya leƙa ɗakin, ya goga yatsa a kan rikoda, ya duba yatsan ya girgiza kai.

"Dubi wannan," in ji shi. "Yaya za ta zo ta ji Inna cikin ƙura."

Da kansa yake magana, bai ko kalle ni ba. Amma ni a kunnena kamar an miƙo min takardar kama aiki.

Alhamis da safe na sami Umma tana tankaɗe, na durƙusa na gaishe ta, na ce ta ba ni makullin ɗakin Baba.

"Me za ki yi da shi, Likita?"

"Gyara, Umma. Kafin su dawo sai ya zama kamar ɗakin amarya."

"Shekarata talatin a gidan nan, iyakata da ɗakin nan bakin ƙofa. Ki bari ya dawo ki tambaye shi."

"Ai in na tambaye shi ba zai yarda ba."

"To kin ga kin ba kanki amsa."

Na tsaya ina magiya, ina kawo mata zancen tarin Baba da abin da ƙura ke yi wa huhu, har ta gaji ta nuna min ƙusa da baki. "Ga shi can. Ni dai ban gani ba, ban ji ba."

Na yi aikin yadda kowace mace a garinmu ta san ana gyaran ɗaki, wato a fitar da komai a shanya. A wurinmu rana ita ce babbar mai wanki. Katifa ta yi wari, a shanya. Hatsi ya fara ƙwari, a shanya. Tufafi sun daɗe a akwati, a shanya. Ko littafi ne ya ji danshi, rana ce maganinsa. Na jawo kafet da ƙyar na rataya shi a igiya, na sami sanda na yi ta jibgarsa, ban lura ba igiyar tana daidai bakin tagar da na wangale, duk abin da na kakkaɓe yana komawa inda ya fito. Na shiga da busasshiyar tsintsiya na yi ta shara da ƙarfi har ba na ganin bango sosai, ina atishawa ina jin daɗi, wai ni aiki na tafiya. Kaset-kaset kuwa na kwashe su a faranti na baza a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Allah ya taimake su inuwa ba ta bar wurin ba.

Sai na zo kan gwangwanin biskit. Na buɗe da bismilla, na ga ƙura ta shiga har cikin 'yar tagar kaset ɗin. Na ce wannan ba zan haɗa shi da sauran a ƙasa ba, inda awaki da kaji ke yawo. Girmamawa ce ta sa na nema masa wuri mafi tsayi a gidan. Na taka turmi na ɗora shi a kan rufin kwanon ɗakin kaji, daidai inda Umma ke shanya barkono da kuɓewa. Har na ce a raina, bari Inna ta ɗan sha iska. Wannan kuwa a ranar bayan girbi, irin wadda ke cizon ƙeya tun hantsi.

Na ci gaba da aikina. Na yi azahar, na ci abinci, na mayar da kaset-kaset kanta ina waƙe-waƙena. Sai da na ɗaga gwangwanin na ji shi sakayau sannan gabana ya faɗi. Na ruga na taka turmi, na kai hannu, zafi ya sa na sake shi, na sake ɗauka da bakin zane. Kaset ɗin ya lanƙwashe kamar busasshen ɓawon kabewa.

A nan ne ya kamata in tsaya in kira babba. Amma mai laifi ba ya rasa wata dabarar da za ta ƙara masa laifi. Na ce bari in gwada in gani ko yana yi. Na tura shi cikin rikoda, ya ƙi shiga, na danna da ƙarfi ya shiga. Na kunna. Wata murya siririya, mai sanyi, ta fito ta yi sallama, ta ce ina yini, ina gajiya. Tsigar jikina ta tashi. Sai muryar ta fara ja, ta yi kauri kamar ta namiji, sai na ji ƙurus-ƙurus a cikin rikoda. Na kashe na buɗe. Zaren kaset ya fito ya cukurkuɗe a jikin ƙarafa.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba tsoron faɗa ba ne, don Baba ba mai duka ba ne. Fuskarsa nake hangowa, da ta tsohuwar da za a ɗauko tun daga Kabo da ciwon ƙafa don ta ji uwarta. Na ƙwala wa Umma kira da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba.

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa, ta yi salati. Na jira ta ce ai na faɗa miki, ba ta ce ba, kuma har yau ina gode mata.

"Kar ki ja zaren nan. Cire hannunki. Abin da kika taɓa yau ya isa."

Ta sa na zare wayar wuta, muka naɗe rikodar gaba ɗaya da kaset ɗin a ciki cikin zane, ta ce in kai wa Malam mai gyara. Wani tsoho ne abokin Baba, yana gyaran rediyo a zauren gidansa kusa da kasuwa, ko da yake a lokacin yawancin aikinsa ya koma tocila da fanka. Na zumbula hijabi, na yi gammo, na ɗora rikoda a ka. A hanya wata maƙwabciyarmu ta tare ni tana dariya, wai ina ake bikin ba a gayyace ta ba. Na ce mata yana nan tafe, na wuce ina haɗiye kuka.

Na sami Malam yana kan buzu da tabarau a ƙarshen hanci. Na durƙusa, ya fara gaisuwa. Ina yini, ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya Alhaji, ya tafi Kabo ko, an samu ƙaruwa, Allah ya raya, yaya karatu, an gama ko, Allah ya sa albarka. Ina amsawa ina Allah-Allah ya gama. Sai da ya ƙare tsaf sannan ya ce in kwance kayan. Ya leƙa, ya ga rubutun ajamin da ke jikin kaset, ya ɗago a hankali.

"Wannan ba na Inna ba ne?"

"Shi ne, Malam."

"Wa ya sa shi a wuta?"

"Ba wuta ba ce. Shanya shi na yi."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Shanya? Barkono ne?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya ga hawaye na zubo min sai ya tsaya, ya ce in zauna, rigar ce ta lalace, mai rigar wataƙila tana nan da ranta. Ya kwance fuskar rikodar, ya zaro zaren da ɗan tsinke a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ya fasa lanƙwasasshen kwanson, ya ɗauke naɗin zaren guda biyu bai bari sun warware ba. Ya ɗauko wani kaset nasa mai sukurori, ya kwance shi, ya zubar da nasa zaren, ya zaunar da na Inna a ciki. Wurin da rikoda ta tauna ya miƙe abin da zai miƙu, amma akwai kamar kamu guda da ya yage ya zama tsumma. Ya yanke shi da reza, ya haɗa bakin biyu da siririn salatif, ya naɗe da biro. Ya ɓamɓaro takardar rubutun Baba ya manna a sabon kwanson.

"Abin da ya tafi ya tafi," in ji shi. "Numfashi uku ne ko huɗu. Sauran yana nan."

Kafin ya gwada, ya dangwala auduga a sifirit ya goge ɗan ƙarfen da zare ke bi ta kansa, ya nuna min audugar ta koma ja wur. Ya kunna kaɗan, muka ji sallamar ta fito tas, ya kashe da sauri, ya ce sauran ba namu ba ne, na masu uwa ne. Sannan ya tambaye ni yadda na yi gyaran ɗakin. Na zayyana masa, yana ji yana kaɗa kai.

"'Yata, ƙura ba a korar ta, kama ta ake yi. Kin bi ta da busasshiyar tsintsiya, ta tashi sama ta jira ki fita, ta sauko ta zauna inda ta fi so. Ki rufe tagogi tukuna. Ki jiƙa tsumma ki matse shi har ya daina ɗiga, ki fara daga sama ki gangaro, ƙasa ce ƙarshe. Rikoda da kaset kuwa ba su ga ruwa ba su ga rana, busasshen ƙyalle mai laushi kawai, in an gama a lulluɓe su. Labulen nan a wanke. Ƙasan ƙofa a toshe da tsumma. Takalmi ya tsaya a waje. Kafet ɗin nan na sha gaya wa Alhaji rumbun ƙura ne, ya ƙi ji, amma wannan tsakaninki da shi."

Na ɗaure kayana zan tashi, ya ce, "Za ki gaya masa?"

Na kau da kai ina wasa da bakin hijabi.

"Ni dai ba zan kai masa ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan yi ƙarya da furfurata ba."

Juma'a da sassafe na sake aikin daga farko. Abin da ya ba ni mamaki, sai ga Umma ta cire takalmi ta shigo da nata tsumman, shigarta ta farko cikin shekara talatin. Ta tsaya tana kallon kantocin ta ce, "Ashe nan kuɗin cefanena suke." Muka goge silin da bango da kanta, muna wanke tsumma a bokiti, ruwan na komawa kamar kunun kanwa. Labulen da muka wanke tun yammacin jiya sun bushe, muka mayar. Muka cusa tsumma a tsagar tagar titi. Umma ta ce daga yau sheƙa ta koma can ƙarshen gida wajen turken awaki. Kafet kuwa na kai shi fili nesa da gida na kakkaɓe, na naɗe na jingine a zaure, na shimfiɗa tabarmi biyu a ɗakin. Ban jefar da shi ba, ban kuma mayar ba. Na ce wannan karon mai ɗaki zai yanke hukunci.

Da hantsi mota ta tsaya. Aka riƙo Gwaggo a hankali, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, bakinta bai huta ba tun daga ƙofar gida. Aka yi gaishe-gaishe, aka sha fura, maza suka tafi masallaci, aka dawo aka ci abinci. Ni dai ban iya haɗiye ko loma uku ba. Bayan la'asar Baba ya ce, "Yaya, bismilla." Ya buɗe ɗakin ya tsaya. Ya dubi tabarmi, ya dubi labule, ya ɗaga ƙyallen da na rufe rikoda da shi, ya goga yatsa ya duba.

"Likita, aikinki ne?"

"Ni da Umma ne, Baba."

"Allah ya yi albarka. Ku shigo ku ma."

Wannan albarkar ta fi min zagi ciwo. Na raɓe a bakin ƙofa. Ya buɗe gwangwani, ya ɗauko kaset, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya juya shi gaba da baya. Ya sa a rikoda ya danna.

Muryar Inna ta cika ɗakin, tas, babu dishewa. Ta yi sallama. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Wa alaikumus salam, Inna." Muryar ta ce ina yini, ina gajiya. Gwaggo ta ce, "Lafiya lau, Inna, ba gajiya." Muryar ta ce yaya baƙunta. Gwaggo ta ce, "Na dawo gida, Inna, baƙunta ta ƙare." Hawaye na bin kumatunta tana murmushi. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai aka ji ɗan ƙit, muryar ta tsallaka, tana ba da labarin saniyar da ta haihu da geron gonar Getso.

"Tsaya," in ji Gwaggo. "Kai auta, mayar da shi baya."

Baba ya mayar. Aka sake ji, ƙit, sai saniya.

"An ci wani abu a nan. Ni ce fa na riƙe mata rikodar ranar. Tana gama gaisuwa ta juyo ta ce min, ke, wai yanzu yana jina? To me ya hana shi amsawa? Ni kuma na fashe da dariya har ta kai min duka da mafici. Ina dariyata ta tafi?"

Baba bai dube ni ba, kaset ɗin yake kallo. Na rarrafo tsakiyar tabarma na durƙusa, na faɗi komai, tun daga makulli har rufin ɗakin kaji, har danna kaset da ƙarfi, har rezar Malam. Ban rage ko ɗaya ba. Na gama na sunkuyar da kai ina jira.

Gwaggo ce ta fara magana. "Ke 'yar nan, tsaya in gane. Uwar tamu kika ɗauka kika shanya a kan ɗakin kaji?"

"Eh, Gwaggo."

"Tare da barkono?"

"Barkonon yana gefe."

Sai tsohuwar nan ta kece da dariya, tana dukan cinya, tana share hawaye da gefen mayafi. "Wallahi jininta ce! Auta, ka manta ranar da Inna ta ga agogonka ya yi datti, ta dirje shi da toka ta wanke ta shanya a kan danga? Da tana raye, ita za ta riƙe wa yarinyar nan turmi ta hau."

Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ya yi 'yar dariya idonsa jajir. Can ya ce, "Tun da na ɗauke shi na san ba rigarsa ba ce. Na ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Wurin nan da ya tafi, shi na fi so a kaset ɗin duka." Ya nisa. "Amma ina nan zaune ina tunani, jiya da duka ya tafi fa? Ni na ce zan tsare shi ni kaɗai, ga shi yini ɗaya ya kusa raba ni da shi. Tashi ki ɗauko wayarki."

Na ɗauko. Ya mayar da kaset farko, na ajiye waya a gaban sifika na danna ɗauka. Inna ta yi sallama, Gwaggo ta sake amsawa. Da aka zo wurin ƙit, Baba ya tsayar da rikoda ya ce, "Yaya, cike mana." Gwaggo ta gyara zama, ta siranta murya ta kwaikwayi uwarsu, ke, wai yanzu yana jina? Ba ta kai ƙarshe ba dariya ta ƙwace mata, ta gaske, har da tari. Baba ya saki kaset ya ci gaba. Muka ji saniya, muka ji gero, muka ji Inna tana ce wa ɗanta ya riƙa cin abinci, kar ya yi tuƙi da barci a idonsa, ya tuna yana da uwa. Baba, mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Kafet bai koma ɗakin ba. Baba ya yi kwana uku yana cewa sauti ya canja, daga baya ya sa aka shimfiɗa leda da 'yar darduma da za a iya ɗagawa a wanke, tarinsa kuma ya ragu sosai. Duk Alhamis ni ke shiga da jiƙaƙƙen tsumma, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa yana gadina, har ranar da aka kai ni ɗakin miji. Gwaggo ta yi damina biyu bayan nan Allah ya karɓi abarsa. Yanzu in kewa ta taso mana, abin da muka ɗauka ranar muke kunnawa, mu ji uwa tana gaisuwa, 'yarta tsohuwa tana amsawa.

Na ci sa'a, kuma na san sa'a ce, ba wayona ba. Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu sani, kuma abin da ka iya a kan katifa da barkono ba lallai ya yi aiki a kan komai ba. Tambaya ɗaya da na ƙi yi ita ta ci wa Baba numfashi huɗu na uwarsa, kuma duk dariyar da aka yi ba ta dawo masa da su ba. Shi ya sa har yau, a gida ko a wurin aiki, in na kai hannu zan gyara abin wani, sai in tsaya in nemi mai shi in ce, wannan yaya ake yi da shi?